Taku Talatin da Na'Allah Ke Tsallakewa

Idan ka shiga Sabon Birni ka ce kana neman Na'Allah, za a tambaye ka wanne, don masu sunan sun kai biyar. Amma da ka ce mai bututu, ko mai tallan goro zai nuna maka hanya, yana nunawa yana toshe hanci don shaƙiyanci. Wannan toshe hancin kuwa yana ƙona mini rai. Mutum ya ci, ya sha, ya yi wanka, ya kaɗe rigarsa ya tafi abinsa, wani bawan Allah ya shiga rami har ƙirji yana fama da abin da ya bari, sannan shi ne abin dariya? To, Allah ya kyauta. Shi dai Na'Allah bai taɓa tanka musu ba, sai ya gyara rodinsa na ƙarfe a kafaɗa ya wuce.

Dogo ne siriri, ya haura sittin, maganarsa a yini ba ta cika cikin cokali ba. A wani ƙauye gab da Alkalawa aka haife shi, gidan manoman gero da dawa. Shekarar da fari ya ƙone musu gona yana saurayi, ya shigo gari neman abin yi, ya tarar da wani kamfani yana binne bututun kankare, aka miƙa masa diga. Bututun ya taso daga mahauta, ya kwashi ruwan gidan wanka da na bayan gidan kasuwa, ya ratsa ƙarƙashin unguwa ya je ya zubar a fadama. Kamfani ya gama, ya naɗe kayansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Takardar da aka zana hanyar bututun kuwa, gara ta yi kalaci da ita tun tuni. Gari ya girma, aka yi ta gini a kan abin da ba a gani, har ya zamana ba wanda ya san inda bututun nan ya bi sai mutum guda, shi ma a ƙafarsa ya riƙe. Taku dubu da ɗari biyu ne daga mahauta zuwa fadama, da ramuka tara masu murfi a tsakani.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya bi layin daga farko har ƙarshe. Bayan kowane taku goma ya kafa rodin nan a ƙasa, ya murza shi har ya taɓa kankare, ya kara kunnensa a ɗaya bakin, ya rufe ido. Ya ce lafiyayyen bututu gunaguni yake yi, na tsoho mai jan carbi, wanda ya tsage kuwa tsaki yake yi. Inda ya ji tsaki nan zai haƙa. Ya datse saiwar da ta kutsa ciki, ya wanke wurin, ya naɗe shi da ragar waya, ya shafe da siminti. In gaɓar ta ruɓe gaba ɗaya ya cire ta ya sa ta roba. In kuwa kunne ya kasa gaya masa gaskiya, yana da dabara ta biyu: ya dama shuni cikin bokiti ya zuba a rami na sama, ya ruga rami na ƙasa ya tsuguna yana jira. In shuɗin ya iso da wuri da ƙarfinsa, lafiya lau. In ya iso a makare, ya koɗe, to ƙasa ta sha rabonta a hanya.

'Yan shekarun nan aikin ya fi ƙarfin mutum guda. Mutanen ƙauyukan da ɓarayin daji suka tasa, na hanyar Isa da na wajen Bafarawa, sun cika gari maƙil, ɗaki guda mutum goma. Bututun da aka yi don kasuwar mako-mako ya koma ɗaukar kayan rabin gari, ga tsufa na shekara arba'in, ga saiwar dalbejiya da ba ta da aiki sai neman ruwa. Ya toshe nan ya fashe can. Da azumi da salla Na'Allah yana cikin rami, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

To, amma a cikin taku dubu da ɗari biyun nan akwai talatin da ba ya takawa.

Na'Allah yana da ɗiyar fari, Sadiƙa. Ka san mutanenmu da kunyar ɗan fari, sai dai shi ya kai ta inda ko tsofaffin Fulani sai su jinjina masa. Tun ranar suna bai taɓa faɗin sunanta ba. Bai ɗauke ta ba tana jaririya, bai tanka mata a gaban mutane ba, in ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. Tun yaye aka kai ta ɗakin kakarta. In dole ta kama ya ambace ta sai ya ce "waccan". Matarsa Kadijatu ma haka take, shi ya sa har yau da sunan ƙanwar ake kiransu, Baban Saudatu da Innar Saudatu. Kada wani ya ce ƙi ne, wallahi ba ƙi ba ne. Ranar da aka kai Sadiƙa ɗakin miji, a bayan mahauta aka tsinci Na'Allah zaune kan murfin rami yana share ido da hularsa, da aka tambaye shi ya ce hayaƙin babbaka ne.

Gidan Malam Attahiru aka kai ta, gidan karatu tun kaka da kakanni, ta auri ɗansa Hafizullahi. Lokacin da aka binne bututun ta bayan katangar gidan ya bi. Daga baya gida ya yi albarka, aka faɗaɗa, katanga ta haɗiye wurin. Taku talatin na bututun suka koma cikin tsakar gida, tsakanin rami na huɗu da ke lungun masu wanki da rami na biyar da ke bayan masallaci. Kafin auren, kowace bazara Na'Allah yakan yi sallama, mata su shige ɗaka, ya shiga ya saurara ya fito. Tun da ɗiyar farinsa ta tare a ciki kuwa, ina! Ƙafarsa ba ta sake taka zauren ba. Sai ya tsaya a rami na huɗu ya saurara, ya zagaya ta bayan gidaje ya faɗo a na biyar, ya ce da kansa ai kankaren wurin mai kyau ne, da hannunsa ya ɗora shi. Shekara takwas yana wannan zagaye. Mutane kuwa suna yaba masa, ana cewa kai, Na'Allah akwai alkunya, irinsu sun ƙare. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin alkunyar.

Duk son da ya kasa nuna wa uwar sai ya juye shi kan jikarsa Ummi, 'yar shekara biyar mai bakin tsiya. Da jika ai ba kunya, wasa ne har da zagi. Ita kaɗai ke hawa wuyansa, ita kaɗai ke taɓa rodinsa. Ya taɓa kara mata shi a kunne, ta saurara ta ce, "Kaka, akwai tsoho cikin ƙasa shina faɗa." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Daminar da nake ba ka labari, tsakiyar Agusta, ruwa ya yi kwana uku yana zuba. Ranar Alhamis da hantsi ya ɗaga murfin rami na huɗu ya ga ruwa na gudu cike da bututu. Ya zagaya na biyar ya ga ko rabi bai kai ba. Ya koma gida ya dama shuni, ba bokiti guda ba har biyu, don yana son a ƙaryata shi. Ya zuba, ya ruga ya tsuguna a bayan masallaci. Abin da ya saba isowa kafin ka gama tauna goro, sai da aka kira azahar sannan ya ɓullo, shi ma a koɗe, da ƙyar ido ke kama shi. Bokiti biyu na shuni sun shige ƙasa a tsakar gidan Malam Attahiru. Kuma Na'Allah ya sani sarai, daga layin bututun zuwa rijiyar gidan taku bakwai ne.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake, ko yaro ya san shi. Ya ɗauki diga ya yi sallama. Ya kuwa ɗauka, ya je har bakin lungu, ya hango ƙofar zauren, sai ya jiyo muryar mace daga ciki tana kiran Ummi. Muryar ya gane. Ya tsaya yana gyaran hula, daga nan ya juya. Ya ce da kansa ai ba sai ya shiga ba, gobe Juma'a zai ga Malam a masallaci, maza su gama maganarsu a waje.

Bayan an sauko ya jira jama'a ta ragu, ya durƙusa gefen Malam Attahiru, dattijo mai farin gemu da sanyin murya.

"Allah shi gafarta Malam, bana ruwa ya yi yawa."

"Alhamdu lillahi, Malam Na'Allah. Gero ya yi kyau inda anka samu nomawa."

"Ƙasa ta jiƙa ƙwarai. Niƙ ce, rijiyoyi, a riƙa lura da su."

Malam ya yi murmushi. "Tamu dai ba ta taɓa ba mu kunya ba. Kakana yag gina ta da hannunai. Da ita muke alwala, da ita muke wanke allo, ko shekarar fari ba ta ƙahe ba. In taku ta gurɓace, ka aiko a ɗiba, ai gida guda ne."

Ta yaya Na'Allah zai dubi malami a ƙofar masallaci ya ce ruwan da yake wanke allo da shi ya haɗu da na bayan gidan kasuwa? Kuma bari in faɗi gaskiya ko da ina ƙaunarsa, ba kunya ce kaɗai ta kama shi ba, har da tsoro. Da ya faɗa, tambaya ta gaba ita ce ina yake shekara takwas. Sai ya ce, "Allah shi ƙara albarka," aka shafa, ya tashi. Wuni na biyu ke nan.

Ranar Asabar da la'asar Saudatu, wadda ta je yi wa yayarta kitso, ta dawo riƙe da hannun Ummi. Yarinyar na shigowa ta fara.

"Tsoho mai wari, yau ka yi wanka?"

"Amarya, in ba ki so na ki koma gidanku, gobe in samo wadda taf fi ki."

"Wa za ta yarda da kai? Ni ma haƙuri nike." Ta ciro wata 'yar gorar roba daga cikin hijabinta ta ɗora masa a cinya. "Ungo, na kawo ma ruwan albarka. Rijiyarmu ta yi kalar sama. Mata na ta zuwa ɗiba, har daga tsallaken kasuwa. Ni kohi uku nish sha."

Saudatu ta ce haka ne, tun safe gidan ba masaka tsinke. Wata tsohuwa ce ta fara lura, ta ce ishara ce, rijiyar bayin Allah ce ta nuna kanta. Malam ya ce a bar wannan magana, ba shi da masaniya a kai, amma wa zai hana mata? Har masu ciki da masu jinya ana kai musu.

Na'Allah ya juye ruwan a farin kwano. Shuɗin bai fi na sararin sama da sassafe ba, amma mutum ai ya san kayansa. Shuninsa ne. Da hannunsa ya dama, da hannunsa ya zuba, ga shi ya zame wa mutane kira zuwa ga ruwan da zai kashe su. Inna lillahi! Ya watsar da ruwan a gindin katanga, Ummi ta ɓata rai ta ce ba za ta sake kawo masa komai ba.

Ka ce yanzu kam zai tashi? Hmm. Sai ya riƙe kafaɗar yarinya 'yar shekara biyar ya ce, "Ki ce ma innarki a bar shan ruwan rijiya." Ya dubi Saudatu ya ce ta mayar da ita, ta gaya wa mutanen gidan ruwan nan ba shi da kyau, a dafa kafin a sha. Saudatu ta je ta faɗa wa tsohuwar nan, don ita ta tarar a bakin rijiya. Tsohuwa ta tafa hannu ta ce oh, yau mai lambatu za shi koya wa gidan malamai tsarki? Mata suka yi dariya. Kafin saƙon ya kai kunnen Sadiƙa a madafa, ya koma Baba na gaisuwa, ya ce a riƙa dafa ruwa saboda damina.

Da Saudatu ta dawo da wannan bayani, Kadijatu ta ajiye tankaɗen da take yi. Mace ce da ba ta ɗaga wa mijinta murya, amma ran nan ta ɗaga.

"Baban Saudatu, wanga ba saƙon yara ba ne. Tashi ka tahi da kanka."

"Ke mi ya hana ki?"

"Abin da ya hana ka," in ji ta, sai hawaye. "Amma ni ban san bututu ba. In niƙ ce, wa za shi ji? Kai ne za su yarda da kai."

Tsofaffi biyu, kowa na kallon ƙasa, an rasa wanda zai iya faɗin sunan ɗiyar da suke magana a kanta. Can Na'Allah ya ce, "Magariba ta yi. Gobe da sahe za ni tahi, in sha Allahu." Wuni na uku.

Da safe yana ɗaura igiyar takalminsa sai ga wani mai babur maƙwabcin gidan Malam ya tsaya a ƙofa, ko kashe injin bai yi ba. Ya ce shi ya kai Ummi asibiti da asuba tare da iyayenta, amai da gudawa, ta yi laushi ko kuka ba ta iya yi. Ya ce ya tarar da mutum huɗu na unguwar a can kwance ana musu ƙarin ruwa.

Na'Allah ya miƙe. Ya saɓi diga ya fita, takalmi ɗaya a ɗaure ɗaya a kwance. Waɗanda suka gan shi sun ce ba su taɓa sanin tsohon nan na iya gudu ba. Ya shige zauren Malam Attahiru, ya wuce zaure na biyu, ba sallama ba gyaran murya, sai ga shi a tsakar gidan da rabonsa da shi shekara takwas. Mata sun fi ashirin a bakin rijiya, da bokitai da jarkoki. Suka ga namiji da diga, wuri ya kaure da salati, ana ta jan mayafi.

Can gefe ya hango ta. Sadiƙa ce, ido ya kumbura don kuka, ta baro mijinta a asibiti ta dawo ɗibar wa Ummi ruwan albarka ko Allah zai sa a dace. Ta cika gora ta ajiye. Ɗanta na goye Kalilu, ɗan wata takwas, yana cinyarta, ta ɗebo ruwan a ludayi tana kai masa baki.

"Ke!" in ji Na'Allah. "Ke! Ke!"

Duk matan suka waiwayo ban da ita. Ta gan shi sarai tun shigowarsa. Amma mutumin nan bai taɓa yi mata magana ba tun da ta zo duniya, me zai sa ta zaci da ita yake? Sai ta yi abin da aka koya mata tun tana ƙarama, ta sunkuyar da kai, ta juya masa baya don kunya, ta gyara wa yaron zama, ta ɗaga ludayin.

"Sadiƙa!"

Muryar ta fashe masa a tsakiya. Ludayi ya faɗi ƙasa. Ta juyo a hankali tana dubansa baki buɗe.

"Sadiƙa, kada ki ba shi. Kada kowa shi sha. Ba ishara ba ce, shunina ne, ni niz zuba shi cikin bututu. Bututun bayan gidan kasuwa ya hwashe nan ƙarƙashinku, shina zuba cikin rijiyarga. Ƙazanta kuke sha!"

Malam Attahiru ya fito daga turakarsa da carbi a hannu. "Subhanallahi! Malam Na'Allah, cikin gidana, ba sallama?"

"Allah shi gafarta Malam, a yi man hukunci daga baya. Yanzu dai a zo a gani."

Ya auna taku bakwai daga bakin rijiya, kusa da gindin wata dalbejiya da aka dasa bayan auren, ya ɗaga diga. Ƙasar ta jiƙe, ba ta yi gardama ba. Maza suka shigo daga zaure, ni ma ina cikinsu, wani ya kawo shebur. Kafin rami ya kai ƙugu wari ya gaya wa kowa gaskiya. Da suka kai ga kankaren sai ga tsaga, hannu na shiga, saiwa ta cika ta dam ta yi gashi, baƙin ruwa na tsiyaya, yashin wurin kuwa ya rine shuɗi, ya yi hanya ɗoɗar zuwa rijiya. Tsohuwar nan ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Malam ya daɗe tsaye a bakin ramin. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa cikin ɗan lokaci haka ba. Ya sa aka kawo kwanon rufi da duwatsu aka rufe rijiyar kakansa, ya tura mutane gida-gida su ce duk wanda ya ɗibi ruwan nan ya zubar, ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci. Bai yi wa Na'Allah faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe abin da kaz zo gaya man ke nan ran Juma'a. Da ka hwaɗi, Malam Na'Allah. Ai ni ba gunki ba ne."

Sadiƙa ta ji wannan magana. Ta goya ɗanta, ta zo bakin ramin ta durƙusa. Ubanta yana ciki, laka har gemu, yana datse saiwa. Karon farko ke nan a rayuwarsu da suka dubi juna ido cikin ido.

"Baba."

"Na'am."

"Tun yaushe kas sani?"

Yana iya cewa jiya. Ba wanda zai ƙaryata shi, kuma da ni ne wataƙila da na ce jiya. Ya dubi wuƙar da ke hannunsa ya ce, "Tun Alhamis."

Ta tanƙwasa yatsu uku, ɗaya bayan ɗaya, tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ran Asabar tash sha da yawa." Ta miƙe ta juye gorar da ta cika a cikin ramin, ta fita neman babur.

Ummi ta rasu ranar Litinin da hantsi. Sauran huɗun sun tashi, Kalilu ko zazzaɓi bai yi ba. Ma'aikatan lafiya da suka zo sun ce rufe rijiyar da aka yi ya tsare unguwa daga babbar annoba, mutane suka yi ta zuwa yi wa Na'Allah godiya, har da masu toshe hanci. Wasu suka ce masa ya daina cin ransa, rijiyar ta daɗe da gurɓata, ciwon wataƙila ya riga Alhamis shiga jikinta, kuma kwana ya ƙare. Allah ne masani, ni ban sani ba, shi ma bai sani ba. Bai yi musu da kowa ba. Da aka dawo daga maƙabarta ya koma cikin ramin, ya cire gaɓa uku da suka ruɓe ya sa na roba, ya sare dalbejiyar, ya tone yashin shuɗin nan kaf ya kwashe a baro ya kai fadama. Ranar Laraba ya zuba shuni a rami na huɗu, ya iso na biyar da wuri, da ƙarfinsa.

Shekara biyu ke nan. Yana nan yana aikinsa, ya ƙara ranƙwafawa, gorar robar da Ummi ta kawo masa tana rataye a ƙusa a ɗakinsa, ba mai taɓa ta. Yanzu ba bazara kaɗai ba, duk wata sai ya bi layin, taku dubu da ɗari biyu cif. In ya iso gidan Malam Attahiru sai ya tsaya a zaure na biyu ya yi sallama, sannan ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, ya ce, "Sadiƙa, za ni shigo." Tsofaffin unguwa na gunaguni, wai Na'Allah ya zubar da alkunyarsa da tsufansa. Ko a jikinsa.

Takan amsa, "Na'am, Baba, shigo." Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa dafaffen ruwa a kofi, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ba ta taɓa ragewa ba. Sai dai ba ta zama. Takan koma ɗakinta ta saki labule, shi kuma ya kafa rodinsa a tsakar gida, ya kara kunne ya rufe ido, ya daɗe a haka fiye da yadda aikin ke bukata.